Akawu, Kanta da Layi na Ƙarshe: Nazarin Wata Matsalar Alamar Zaɓi a Wani Sito a Gombe

Sito ne na sarar takin zamani da irin shuka da maganin feshi a cikin garin Gombe, ba nisa da kasuwar Tudun Hatsi. Masu ƙananan shaguna daga garuruwan jihar ne suke bugo waya su ba da oda, wasu su turo kuɗi ta banki, wasu a rubuta musu bashi. Siton yana da motocin kanta biyu. Ɗaya tana bin hanyar kudu, Kumo da Billiri da Kaltungo. Ɗayar kuwa yau ta yi arewa ta nufi Malam Sidi da Bajoga, gobe ta yi gabas wajen manoman shinkafa na Daɗin Kowa. Aikin akawu kowace safiya shi ne ya duba odar da ta taru, ya ware waɗanda za su hau motar ranar, ya fitar da takardar lodi ya miƙa wa shugaban 'yan dako.

Shekara da shekaru da littafi da jan biro ake wannan aiki. Akawun dattijo ne da ya haura hamsin, kuma ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Da ciniki ya buɗe sai ɗan ƙanwar mai siton, wanda ya karanta ilimin kwamfuta, ya rubuta musu 'yar manhaja da harshen C ya ɗora ta a kan wata tsohuwar laftof mai tsarin aiki na Linux. Babu hoto, babu linzami. Baƙin allo ne da fararen haruffa, irin wanda masu sana'ar suke kira taminal. Na ji masu cewa tun daga nan aka kauce hanya, wai a wannan zamani wa zai zaunar da dattijo gaban baƙin allo. Ban yarda da su ba. Kwamfutar ta tsufa, manyan manhajoji sun fi ƙarfinta. Batirinta yana kai su nesa idan an ɗauke wuta, don aikin da take yi kaɗan ne. Sannan a inda ƙurar taki take tashi wuni guda, rage yawan kayan da za su lalace alheri ne. Yaron ya yi tunani mai kyau, shi ma akawun bai daɗe ba ya riƙe maɓallan: kibiyar sama da ta ƙasa don yawo cikin jerin, dogon maɓallin nan na ƙasa don zaɓa, Enta don buga takarda.

Tsakiyar Yuni abin ya fara. Wani mai shago a Billiri ya biya kuɗin kamfa buhu 20, kanta ta wuce ta ƙofarsa ta yi Kaltungo ba ta sauke masa ko ɗaya ba. Ya tare direba a dawowa, direba ya nuna masa takardar lodi, babu odarsa a ciki. Aka ba shi haƙuri, aka ce mantuwa ce. Ba a rufa mako ba aka yi wa wani na Kaltungo haka da yuriyarsa, sannan aka sake maimaita wa na Billirin. Wanda ya san noma ya san tsadar kwana uku a wannan lokaci. Ruwa ya sauka, masara tana jiran takin farko, manomi ya zo shago da kuɗinsa a hannu aka ce masa sai jibi. Juyawa zai yi ya shiga shagon gaba, kuma ba lallai a sake ganinsa baɗi ba.

Ko buhu ɗaya bai ɓata ba, kayan suna nan jibge a sito, saboda haka ba wanda ya yi maganar sata. Amma abin da ya fara yawo a bakin direbobi da 'yan dako ya fi sata ɓata suna: wai akawu yana karɓar na goro daga wasu masu shaguna don ya riƙa jinkirta kayan abokan gasarsu. Da Alhaji mai siton ya tuntuɓe shi, amsarsa ɗaya ce kullum: "Wallahi Alhaji, na zaɓe shi. Da idona na ga tauraro a gefensa." Yaron kuma ya buɗe fayil ɗin da manhajar take ajiye abin da aka yi, ya nuna wa kawunsa cewa ba a zaɓi odar ba. Shaidu biyu ke nan, mutum da na'ura, kuma duk mun san wanda ake gaskatawa a irin wannan hali. Alhaji ya fara tunanin ɗauke dattijon daga tebur ya mayar da shi ƙidayar buhu.

Yaron ne ya kira ni, don ya taɓa zama a ajina. Shi kansa hankalinsa bai kwanta ba. Ya ce mini: "Malam, na bi rubutun nan layi-layi ban ga kuskure ba, amma Baba ba mutumin da zai yi ƙarya ba ne."

Abin da ke kan allon

Ban fara da karanta rubutun manhajar ba. Na roƙi a ba ni kujera a bayan akawun lokacin aikin safe. Teburin yana daf da ƙofa, hasken rana yana faɗa wa allon ta gefe, ƙurar taki ta kwanta a kansa fari-fari. Dogon maɓallin ya goge ya yi sheƙi a wuri ɗaya, daidai inda babban ɗan yatsansa yake sauka. Ga kwatankwacin abin da yake gani:

```
  0412  Kumo       kamfa    15
* 0415  Kaltungo   yuriya   10
  0416  Bajoga     kamfa    30
* 0419  Billiri    kamfa    20
```

Layi na biyu da na huɗu duk suna da tauraro, duk kuma launinsu a juye yake, baƙin rubutu a kan fari. Na biyu an zaɓe shi da gaske. Na huɗu ba a zaɓe shi ba, manuni ne kawai, wato abin da ke nuna layin da kake kai, yake tsaye a kansa. Bambancin da ke tsakaninsu gurbi ɗaya ne tak: tauraron wanda aka zaɓa yana cikin farin, na wanda manuni yake kai yana kan baƙi. A wannan allo da wannan haske, ni da ƙuruciyar idona sai da na sunkuya kafin na gane.

Ina kallo ya sauko kan wata oda ya danna dogon maɓalli. Allon bai motsa ba. Ya ɗan dakata, ya sake dannawa, sannan ya wuce. Na ce: "Baba, me ya sa ka danna sau biyu?" Ya ce: "Ai na farkon bai kama ba, Malam. Wani lokaci ƙura tana hana shi." Na farkon ya kama. Na biyun ne ya warware shi. Yana sauka ƙasa tauraron layin ya ɓace, amma idonsa ya riga ya bi manuni zuwa layi na gaba. Ga odar Kaltungo ke nan.

Ta Billiri ta fi wannan sauƙin ganewa. Jerin yana bin lambar oda ne, mutumin Billiri kuwa al'adarsa ce ya bugo waya bayan isha'i idan ya rufe shago, don haka odarsa takan zama ta ƙarshe. Akawu zai sauko yana zaɓa har ya iso layi na ƙarshe. Yana isowa sai ya ga tauraro da farin launi sun bayyana, kamar sauran da ya zaɓa. Ido ya ce an gama, hannu ya tafi Enta. Rantsuwar da ya yi gaskiya ce, ya ga tauraro. Fayil ɗin yaron ma gaskiya ya faɗa.

Daga ina wannan ya fito

Yaron bai zana jerin da kansa ba. Ya yi amfani da ncurses, kunshin kayan aiki da yawancin manhajojin baƙin allo a Linux suke dogaro da shi wajen rubutu a inda suke so a allon. Asalinsa curses ne da Ken Arnold ya rubuta a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley a Amurka. Shi ncurses ya fito a 1993, Thomas Dickey ne yake kula da shi tun 1996. A cikinsa akwai sashe na musamman na jerin zaɓi, wanda Juergen Pfeifer ya rubuta a 1995 yana kwaikwayon wanda ke cikin Unix System V. Wannan sashe an gina shi ne da tunanin za a zaɓi abu ɗaya tak. A irin wannan jeri, inda manuni yake nan ne zaɓinka, don haka alama ɗaya ta wadatar. Idan kana son zaɓi da yawa sai ka kashe wani saiti mai suna O_ONEVALUE, ka haɗa dogon maɓalli da umarnin REQ_TOGGLE_ITEM, wanda yake juya halin layi: in ba a zaɓa ba ya zaɓa, in an zaɓa ya cire. Haka yaron ya yi, kuma haka duk wanda ya karanta bayanin kunshin zai yi.

Matsalar tana cikin yadda sashen yake zana kowane layi. Tambaya ɗaya yake yi: an zaɓi wannan layi, ko kuwa manuni yana kansa? In ɗaya daga cikin biyun ya tabbata, sai ya sa alama ya juya launi. In babu ko ɗaya, sai ya bar gurbin alamar fayau. Alamar ta asali 'yar gajeriyar kara ce a kwance, yaron ya canza ta zuwa tauraro da set_menu_mark, amma guda ɗaya ce dai, kuma babu wani umarni na sa wa wanda ba a zaɓa ba tasa alamar. Sakamakon shi ne layin da manuni yake kai kamanninsa ɗaya ne, an zaɓe shi ko ba a zaɓa ba. Wannan layi kuwa shi ne wanda mutum yake kallo a daidai lokacin da yake danna maɓalli. A duk faɗin allon, wurin da ya fi bukatar amsa shi ne wurin da aka yi masa shiru.

Akwai ƙarin abu. Idan ba a faɗa masa ba, sashen layi 16 yake nunawa a lokaci guda. A tsakiyar damina odar siton tana wuce haka, don haka waɗanda aka zaɓa a sama suna shigewa su ɓace, kuma babu wani wuri a allon da yake faɗin nawa aka zaɓa.

A kasuwar hatsi, ɗan dako ya dafa buhu ba ya nufin an sayar da shi. Shaidar ita ce alamar da mai saye ya zana a jikin buhun, tana nan ko hannu yana kai ko ba ya kai. Jerin zaɓi mai yawa abu biyu yake ɗauke da su a kowane layi, inda hannu yake da kuma abin da aka yi wa shaida, kuma kowanne sai da alamarsa.

Gyare-gyaren da ba su yi ba

Yaron yana ganin abin da idonsa sai ya fara gwaje-gwaje, ni kuma na bar shi, don kowane gwaji yana koyar da wani abu. Ya fara da mayar da alamar akwati mai gicciye a ciki. Abin ya ƙara lalacewa: yanzu duk layin da manuni ya taka sai ya fito da cikakken akwatin zaɓi, ƙaryar ta ƙara fitowa fili. Ya koma kan launi, ya ce a sa wa zaɓaɓɓu kore ta hanyar set_menu_fore. Amma wannan launin ma na biyun ne tare, zaɓaɓɓe da wanda manuni yake kai.

Ko da launin zai yi aiki, da ban goyi baya a dogara da shi kaɗai ba. Akwai mazan da ba sa bambance ja da kore, da yawansu ma ba su san suna da wannan lalura ba, kuma duk ma'aikatan siton maza ne. Bayan haka, Alhaji yana yawan tafiya, akan ɗauki hoton allon da waya a tura masa ta WhatsApp ya duba kafin mota ta tashi. Launi a hoton tsohon allo mai ƙura ba abin yarda ba ne. Takardar lodi kuwa baƙi da fari ce.

Gwaji na uku shi ya fi daɗewa, shi ya kuma tono wata tsohuwar matsala. Yaron ya ce tunda kunshin ba zai ba shi alama biyu ba, zai cusa alamar cikin sunan layin da kansa, ya yi amfani da kyawawan akwatunan Yunikod, wato tsarin haruffan duniya na kwamfuta, ☐ da ☑. Yana kunna manhajar sai jerin ya fito babu komai a ciki. Dalili shi ne umarnin new_item, mai ƙirƙirar kowane layi, yana duba haruffan sunan, in ya ga wanda bai ɗauka a matsayin abin bugawa ba sai ya ƙi, ya mayar da babu. Nau'in kunshin da yaron ya haɗa da shi tsohon ne, mai duba rubutu bayit-bayit (bayit shi ne ɗan ma'aunin da kwamfuta take ajiye rubutu da shi), kowane akwatin nan kuwa bayit uku ne a tsarin ajiye haruffa na UTF-8. Sannan jerin layukan da ake miƙa wa kunshin, da wannan babun ake nuna ƙarshensa. Duk inda ta faɗo, nan jerin ya yanke.

A nan ne yaron ya dafe kai. Ya tuna tun farkon aikin ya lura cewa idan aka rubuta suna mai ɗ ko ƙ ko ɓ jerin yana guntulewa, shi ya sa ya hana kowa rubuta su. Abin da ya sa ke nan a duk bayanan siton ake da Dadin Kowa da ridi da gyada. Haruffanmu masu lanƙwasa bayit biyu ne kowanne, kuma ƙofar da ta hana akwatin shiga ita ta hana su. Maganin wannan sananne ne: a haɗa manhajar da ncursesw da menuw, nau'in da ya san faɗaɗɗun haruffa, a kuma kira umarnin setlocale mai saita harshe kafin a buɗe allon. Ya yi haka, jerin ya dawo. Sai dai akwatunan biyu duk sun fito da siffa ɗaya, wani ɗan tabo da allon yake sawa a madadin harafin da ba shi da shi, domin baƙin allon Linux na asali ba ya riƙe siffofin haruffa fiye da 512 a lokaci guda.

Ina ganin wannan shi ne darasin da ya fi kowanne amfani ga mai rubuta manhaja a nan ƙasar, inda ba ka san a kan wace irin na'ura aikinka zai ƙare ba. Idan harafi ɗaya ya ƙi fitowa a cikin Daɗin Kowa, akawu zai karanta sauran ya gane garin. Idan alamar zaɓi ta ƙi fitowa, zaɓaɓɓe da wanda ba a zaɓa ba sun zama ɗaya, an koma gidan jiya. Saboda haka suna yana iya dogaro da kyakkyawan rubutu, amma alamar zaɓi a yi ta da haruffan da kowace na'ura ta sani tun zamanin taminal VT100 da kamfanin DEC ya fitar a 1978.

Waɗanda suka riga mu sun san haka. Manhajar dialog, wadda Savio Lam ya fara a 1994, tana sa wa kowane layi akwatinsa, cike ko wofi, kuma ta bambanta siffa: baka mai kusurwa inda ake zaɓar da yawa, baka mai lanƙwasa inda ake zaɓar ɗaya. Haka 'yar'uwarta whiptail, wadda duk mai girka kaya a Debian ko Ubuntu ya sha gani. Jerin menuconfig da masu harhaɗa zuciyar Linux suke amfani da shi ya wuce nan, don halin kowane layi ya fi biyu: `[*]` an sa shi, `[ ]` an bar shi, `<M>` an ware shi a ɗora daga baya, `-*-` wani zaɓin ne ya tilasta shi ba ka da ikon cirewa. Dubban layuka ne a ciki, kuma mutum yana iya karanta halin kowanne ko da allon ba shi da launi ko kaɗan.

Na faɗa wa yaron gaskiya cewa da tun farko dialog ya kira da saitin checklist, da layi ɗaya na umarni ya raba shi da duk wannan wahala, kuma ita nake ba mafi yawan mutane shawara su ɗauka. Abin da ya hana mu komawa gare ta a nan shi ne siton yana bukatar a riƙa ganin jimillar buhu tana hawa yayin da ake zaɓa, don a san lokacin da mota ta cika. Dialog ba ta yin wannan.

Abin da aka yi

Aka ajiye sashen jerin zaɓi gaba ɗaya, aka bar ncursesw don rubutu a allo da karɓar maɓalli. Halin kowace oda ya koma cikin bayanan manhajar kanta, allon kuma ya zama mai nuna abin da ke can kawai. Zuciyar gyaran ba ta wuce wannan ba, ban da lissafin gungurawa:

```
for (i = 0; i < adadi; i++) {
    char alama = oda[i].an_hana ? '-' : oda[i].an_zaba ? 'x' : ' ';
    if (i == manuni) attron(A_REVERSE);
    mvprintw(i, 0, "%c [%c] %s", i == manuni ? '>' : ' ', alama, oda[i].bayani);
    attroff(A_REVERSE);
}
```

Layin da yake lissafa alama bai san inda manuni yake ba, layin da yake juya launi kuma bai san abin da aka zaɓa ba. Ga yadda allon ya koma:

```
  [ ] 0412  Kumo       kamfa    15
  [x] 0415  Kaltungo   yuriya   10
  [-] 0416  Bajoga     kamfa    30
> [ ] 0419  Billiri    kamfa    20

An zaɓi oda 1 cikin 4. Buhu 10.
```

Akwatin wofi shi ne babban abin da aka ƙara. Da can layin da ba a zaɓa ba shiru yake yi, shirun kuwa ana iya fassara shi yadda aka ga dama. Yanzu yana faɗa da bakinsa cewa ba a zaɓe ni ba, har a lokacin da manuni yake kansa. Akwati mai kara a ciki na odar da ba za ta hau wannan mota ba ne, ko don ba hanyarta ba ce, ko don Alhaji ya ce a dakata sai an rage bashi. Ba a ɓoye irin waɗannan ba, don idan mai su ya bugo waya akawu ya ga suna nan ya kuma ga dalili.

Dogon maɓallin ma an sauke shi daga aiki. Maganar akawu kan ƙura ba ƙarya ba ce, maɓalli a wannan wuri yakan ƙi kamawa, yakan kuma kama sau biyu, kuma maɓallin da yake juya hali shi ya fi kowanne haɗari a irin wannan yanayi. A menuconfig akwai Y na sawa da N na cirewa, kowanne da aikinsa. Mu muka sa E na e, da A na a'a. Ka danna E sau goma, odar tana nan a zaɓe. Enta kuma ta daina buga takarda kai tsaye. Tana buɗe allo na biyu mai rabe biyu, waɗanda za su tafi a sama, waɗanda suke kan hanyar amma aka bar su a ƙasa, sai an amsa sannan firinta ta motsa. Rabin ƙasan nan akawun ne ya nemi a sa, ba mu ba. Ya ce a littafi ma ba waɗanda ya ja wa layi yake sake dubawa ba, waɗanda bai ja wa ba yake bi ya tambayi kansa dalili.

Ƙananan abubuwa biyu sun biyo baya. An ɗaure zaɓi da lambar oda, ba da matsayin layi ba, saboda idan sabuwar oda ta shigo ko aka sake jera su bisa gari kada gicciyen ya zauna a layi na uku alhali mai layin ya canza. Fayil ɗin tarihi kuma yanzu yana rubuta kowane sawa da cirewa da lokacinsa. Da tsohon yana yin haka, da tun ranar farko an ga odar Kaltungo ta shiga ta fita cikin daƙiƙa ɗaya, da ba wanda ya zargi kowa.

Kafin a ɗora sabon, na roƙi Alhaji ya zauna da kansa gaban tsohon ya zaɓi oda biyar na ƙarshen jerin ya buga. Bai so ba, ya ce shi ba ya taɓa kwamfuta, amma ya zauna. Ya bi su a hankali yana ƙirgawa da baki. Takarda ta fito da huɗu. Ya dube ta, ya dubi allon, ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya sa aka kira direbobi da 'yan dako, tunda a bakinsu maganar ta yi yawo, ya ce a gabansu: "Malam, ka yafe mini. Na saurari abin da bai kamata in saurara ba." Dattijon ya ce: "Allah ya yafe mana baki ɗaya, Alhaji." Na Billiri kuwa Alhaji da kansa ya buga masa waya, aka kuma ɗauke masa kuɗin dako na lodin da ya biyo baya.

Yaron ya so ya ɗauki laifin duka. Ya ce: "Kawu, ni na jawo." Ban ga haka ba, na kuma faɗa a wurin. Ya yi amfani da kayan aikin yadda aka tsara su, kuma lokacin da yake gwaji shi ya san abin da ya danna, don haka idonsa bai taɓa bukatar allon ya faɗa masa ba. Abin da ya rasa shi ne zama a bayan mai aikin yana kallo ba tare da ya ce uffan ba. Wannan ba a cika koyar da shi a aji ba, kuma ya kamata mu masu koyarwa mu riƙa tura ɗalibai su yi shi kafin mu ba su maki.

Damina ta ƙare ba a sake barin odar kowa ba. Haruffa masu lanƙwasa ma sun samu shiga: aka girka fbterm, wanda yake zana rubutu irin na zamani a kan baƙin allon, sai ɗ da ƙ da ɓ suka fito sarai. Shigowarsu ta zo da nata aikin. Umarnin printf da bayit yake auna faɗin suna, don haka duk layin da yake da ɗ sai ya zame gurbi ɗaya, lambobin buhu su karkace. Aka gyara ta hanyar ajiye kowane rukuni a gurbinsa na dindindin maimakon cike tsakani da sarari. Sannan yanzu akwai Dadin Kowa a tsofaffin bayanai da Daɗin Kowa a sababbi, manhajar kuma tana ɗaukarsu garuruwa biyu. Yaron ya sa wurin bincike ya riƙa ɗaukar d da ɗ abu ɗaya, haka k da ƙ, haka b da ɓ, wanda ya isa a yi aikin yau da kullum. Gyaran tsofaffin sunayen kuwa an bar shi sai bayan kaka, lokacin da za a zauna lissafin masu shaguna, tunda a lokacin dole ne a bi su ɗaya bayan ɗaya.